GYARAN GIDA A ALLAKAI: ABIN AJIYEWA DA ABIN FITARWA

Allakai ƙaramar hukuma ce ta karkara, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 7 na gundumar Buza a jahar Tawa. Tana cikin ƙasar Adar, ƙasar duwatsu da kwaruruwa, a yankin da gundumomin Buza da Keita suke kusantar juna. Mutanenta manoma ne masu noman hatsi da dawa da wake, kuma da yawa daga cikin samari da magidanta sukan tafi biɗa da zarar an gama kaka, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, su bar gida a hannun mata da tsofaffi har faɗuwar ruwa.

Baƙon da ya shiga ɗakin amarya a wannan yanki, abin da zai fara gani shi ne jere. Kwanuka ne da tasoshi da langaye, babba a ƙasa, ƙarami a bisa, an tsara su a jikin bango suna ƙyalli, ga gado a gyare, ga tabarma sabuwa, ga ƙamshin turaren wuta. Amma in baƙon nan ya komo bayan shekara goma, an haifi ƴaƴa huɗu ko biyar, sai ya tarar ɗakin bai ƙaru da ko taki ɗaya ba, kaya kuwa sun ninka. Ƙarƙashin gado ya cika da tsummoki da ledoji, bisa akwati an ɗora wani akwati, buhun wake yana jingine da katifa, kuma kowace tsarabar da maigida ya kawo daga biɗa ta sami kusurwar da aka cusa ta. A nan ne maganar gyaran gida take tasowa, kuma magana ce da ta shafi lafiyar iyali da dukiyarsu gaba ɗaya.

JERE ADO NE, KUMA ASUSU NE

Kafin a ce wa mace ta rage kayan ɗakinta, ya kamata a san abin da kayan nan suke nufi a gare ta.

A zamanin kakanni, kayan ɗakin amarya ƙorai ne da akusa da faya-fayi da ludaya. Duma a gona ake shuka shi, a fafe, a yi masa zane da wuta, a rataye a ragaya. Daga baya fatake suka fara shigo da kwanukan ƙarfe masu fenti daga kasuwannin Najeriya, inda aka kafa masana'antar yin su a Legas a shekara ta 1960. Bayansu kuma sai ga tukwanen alminiyam, da robobi, da kayan tangaram na ƙasar Sin, da kabad mai madubi wanda ake jera su a ciki. Wata masaniyar tarihi ƴar Amurka, Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a shekara ta 1997 a kan aure a Maraɗi, jahar da take maƙwabtaka da Tawa, ta nuna yadda kayan da uwa take yi wa ɗiyarta suka tashi daga abin da hannu ya sarrafa zuwa abin da kuɗi ya saya, kuma da su ne ake auna darajar amarya da yawan mutanen da suka tsaya mata.

Wannan jere mallakar mace ne ita kaɗai. Miji ba ya da iko da shi, kuma in aure ya mutu da shi take fita. Uwa tana fara tara shi tun ɗiyarta tana ƙarama, kwano ɗaya yau, langa ɗaya gobe, daga ribar ƙosai ko ta ƙuli-ƙuli, da gudummawar biki da take kai wa ƙawaye don su rama mata ranar tata hidimar. A shekarun wahala kuwa, kamar farin 1973 da 1974, da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005, kayan ɗaki suna cikin abin da mata suka fitar suka sayar don sayen tiyar hatsi. Haka kuma lokacin da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi a watan Janairu na 1994, wadda ta riƙe takardar kuɗi ta yi asara, wadda ta riƙe kaya kuwa ta ga tsadarsu ta ƙaru a kasuwa.

A ƙasashen masu arziki ma ana fama da cunkoson kaya. Wata mata ƴar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a duniya da littafin da ta fitar a shekara ta 2011, inda take ba mutane shawara su riƙe abin da yake faranta musu rai kawai, su rabu da saura. Shawarar ta dace da mutumin da kuɗinsa suke banki, wanda in ya zubar da abu yau zai iya sayen wani gobe. Macen Allakai ba ta cikin wannan hali. Wanda ya ce mata ta watsar da jerenta don ɗaki ya yi fili, kamar ya ce wa makiyayi ya kori garkensa ne don turke ya yi tsabta. Saboda haka gyaran da ya dace da ita shi ne rarrabewa.

KAYAN GIDA KASHI UKU NE

Duk abin da yake cikin gida, in aka duba shi da kyau, ba ya wuce ɗaya daga cikin kashi uku.

Kashi na farko kayan aiki ne, waɗanda hannu yake taɓawa kullum: tukunya, turmi da taɓarya, ƙwaryar fura, tulu, guga, tabarma, fitila, tufafin sawa. Waɗannan suna son wuri ɗaya sananne, kusa da inda ake aiki da su, kuma a bisa, ba a ƙasa ba. Ƙusa a bango, igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ragaya a rufi, ko ɗan dandamalin ƙasa da aka gina a gefen madafa, duk sun isa. Uwargidan da ta san inda wuƙarta take ko cikin duhu ta rage wa kanta wahala, ta kuma rage faɗa da yara.

Kashi na biyu kayan ajiya ne, waɗanda ba a aiki da su amma suna riƙe da daraja: jere, zannuwan da ba a ɗinka ba, kayan da ake tara wa ɗiya, da takardu. Abokan gabar wannan kashi su ne laima da gara da kusu. Kwanon da fentinsa ya ɓalle, in aka bar shi a ƙasa mai sanyi, tsatsa takan huda shi cikin damina ɗaya ko biyu. Zanen da aka naɗe aka manta a ƙasan akwati yakan fito da huji. Don haka akwati ya hau bisa duwatsu ko tubali, a bar tazara tsakaninsa da bango, kuma a riƙa fitar da tufafi ana shanyawa a rana. Takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da katin rigakafin yara, da takardar gona, su kuwa a haɗa su cikin leda mai kauri, a sa a gwangwani mai murfi, a ajiye inda maigida da uwargida duk suka sani. Yara da yawa sun sha wahalar shiga jarrabawa saboda gara ta cinye takarda ɗaya.

Kashi na uku shi ne matattun kaya: fasasshen tulu, hudajjen kwano, batir da ya mutu, takalmi ƙafa ɗaya, tsohuwar tayar keke, rediyon da ya yi shiru tun shekara biyar, kwalaben magani da babu wanda ya tuna na wane ciwo ne. Ba su aiki, ba su da kasuwa, sai cin wuri. Abin da yake riƙe su a gida kalma ɗaya ce, wato wataƙila. Wataƙila a gyara, wataƙila su yi amfani wata rana. Ma'aunin da zai raba gardama mai sauƙi ne: abin da damina biyu ta wuce ba a taɓa shi ba, kuma babu mai sayensa, kuma ba za a ji daɗin ba da shi kyauta ba, ya mutu. Ƙarfe a kai wa maƙeri ko mai sayen gwangwani, tsumma mai kyau a yi matashi da shi, abin da yake ruɓewa ya tafi juji ya zama taki. Batir da kwalbar magani kuwa a binne su nesa da rijiya da wurin wasan yara.

Sai kuma leda, wadda ta fi kowane shara yawa. A shekara ta 2014 an kafa doka a Nijar wadda ta hana yin ledoji marasa kauri da shigo da su da sayar da su, amma iska ba ta daina rataye su a danga da ƙaya ba. Akuyar da ta haɗiye su takan rame har ta mutu, kuma asarar ta mace ce, domin mafi yawan awakin gida na mata ne.

ABIN DA CUNKOSO YAKE ƁOYEWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ɗakin da ba a iya share ƙarƙashin gadonsa ya zama masaukin kunama da kyankyaso da kuɗin cizo, kuma tufafin da aka rataye jibge a duhu nan ne sauro yake wuni yana jiran dare. A tsakar gida, kowane gwangwani ko fasasshen tulu ko taya da ya riƙe ruwan sama na mako guda ya isa ya ƙyanƙyashe sauro.

Masassarar cizon sauro ita ce babbar mai kwantar da yara a wannan yanki daga tsakiyar damina zuwa kaka. A ƙarshen shekara ta 2005 da farkon 2006 an raba sange mai magani, wato gidan sauro, sama da miliyan 2 a faɗin Nijar, kuma a shekara ta 2013 Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko da aka fara ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara wata-wata cikin damina. Amma sange ba ya tsare kowa yana naɗe cikin akwati, kuma ba ya ɗauruwa a ɗakin da kaya suka cinye kusurwoyinsa huɗu. Saboda haka wurin kwana shi ne farkon abin da za a fitar wa fili, sauran kaya su bi baya.

Abu na biyu hayaƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 mutane sama da miliyan 3 ne suka rasu a duniya saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga hayaƙin girki. Mace mai goyo da take hura wuta a rufaffen ɗaki lokacin sanyi ko ruwan sama, ita da jaririnta ne suke shaƙa. Madafa tana son rumfarta dabam, mai mafitar hayaƙi. Tun cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhun Albarka na laka da murhun Mai Sauƙi na ƙarfe a ƙasar nan, waɗanda suke tsare wuta daga iska, su rage cin icce, su kuma rage haɗarin yaro ya faɗa cikin garwashi. Murhun laka ba ya bukatar komai sai yumɓu da kashin jaki da hannun mai ginawa.

Abu na uku guba ce da wuta. Maganin ƙwari na gona, da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, da kwalbar fetur ta mai babur, ba su da wuri a ɗakin kwana. Ƙwayar nan tana fitar da iska mai kisa, kuma maganin da aka juye a kwalbar lemo yaro ba ya bambanta shi da abin sha. Ga mai son ajiye wake akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, aka fara yaɗa shi a Nijar tare da cibiyar binciken noma ta INRAN daga shekara ta 2007. Ledoji biyu masu kauri ne a ciki, buhun saƙa a waje, in an ɗaure kowanne da kyau sai ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba tare da an sa magani ba. Game da gobara kuwa, lokacin hunturu ne take yin ɓarna, sa'ad da iska take kaɗawa, kara ya bushe, rumbuna suna cike. Tarin kara da harawa su yi nesa da murhu, rumbu ya yi nesa da su duka. Gida biyu maganin gobara, in ji masu iya magana, amma mai gida ɗaya tazara ce maganinsa.

KYAN GIDA BA SAI DA KUƊI BA

In an fitar da matattun kaya, an ɗaga na ajiya, sai a zo ga ado, kuma ƙasar Adar ba ta rasa kayansa ba. Bangon da aka yaɓe sabo aka shafe da farar ƙasa yana ƙara wa ɗaki haske, yana kuma toshe ramukan ƙwari. Daɓen da aka buge da kyau yana sharuwa cikin ɗan lokaci. Taga biyu masu fuskantar juna, ko da ƙanana ne, suna sa iska ta ratsa lokacin bazara. Tabarmar kaba ta Madawa, wadda sunanta ya kai ko'ina cikin ƙasa, in aka shimfiɗa ɗaya aka rataye ɗaya a bango, ta ishi ɗaki ado. Jere kuma ya fi kyau in bango ɗaya aka ba shi, aka tsara shi launi-launi, ana sauke shi ana gogewa, da a watsa shi ko'ina ƙura ta rufe. Ƙwarya mai zane guda biyu ko uku ta wajen kaka, in aka ba ta wuri a tsakiyar kwanukan zamani, ba ta rage wa jere daraja.

A tsakar gida, inda iyali suke yin mafi yawan wuninsu, babu adon da ya kai inuwa. A shekara ta 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, don tare iskar da take kwashe ƙasar gona. Mutanen yankin sun ga da idonsu yadda iccen nan yake jure fari, yana ba da inuwa da sandunan rufi da makamashi. Ɗaya a tsakar gida, wanda ake zuba wa ruwan wanke-wanke, cikin ƴan shekaru yakan zama wurin daka da wurin hira da wurin karatun yara. Turken dabbobi ya koma gefe guda, a riƙa kwashe taki ana kaiwa gona. Randar ruwan sha ta sami murfi da moɗa tata ta kanta. Makewayi ya yi nesa da madafa da rijiya, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofarsa.

Lokacin wannan aiki sau biyu ne a shekara. Na farko bayan kaka, kafin masu biɗa su tashi, sa'ad da ake gyaran rumbu ana zuba sabon hatsi. Na biyu cikin bazara, kafin ruwan farko, sa'ad da ake yaɓe da gyaran indararo. A ranar a fitar da komai na ɗaki tsakar gida, a share, a bar rana ta shiga, sannan kowane abu ya amsa tambaya kafin ya koma ciki.

AIKIN NA KOWA NE

Kuskure ne a ɗora wa mata laifin cunkoson gida, a ce ƙazanta ce ko lalaci. Lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a shekara ta 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tuddai don tare ruwa, suka dasa itatuwa, alhali maza da yawa suna wajen biɗa. Wadda ta tsara dutse a jeji ba za ta kasa tsara kwano a ɗaki ba. Abin da take rasa shi ne lokaci da wuri. Mace ɗaya ce mai ɗiban ruwa, mai neman icce, mai daka, mai reno. Kuma in aka bincika, da yawa daga cikin matattun kayan gida na maza ne. Magidancin da ya komo da ƴan kuɗi, in ya gina ɗan ɗakin ajiya da rumfar girki kafin ya sayi sabuwar rediyo, ya yi wa iyalinsa tsarabar da ta fi daɗewa.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata iyaye mata su duba. Jere asusu ne, amma asusu ne wanda ba ya haihuwa. Yayi yana sauyawa, kwanon da aka yi rububinsa bara bana an raina shi, kuma ranar da yunwa ta sa kowa ya fito da nasa kasuwa, da arha ake saye. Gasar kayan ɗaki ta sa wasu iyaye sun ci bashi, wasu sun sayar da gona ko dabba don kada a yi wa ɗiyarsu gori a gidan miji. A shekara ta 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, inda mata suke zuba kuɗi mako-mako cikin akwati ɗaya, suna ba junansu rance, su raba riba a ƙarshen zagaye, kuma daga Nijar wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Uwar da ta raba tattalinta, wani a jere, wani a tunkiya, wani a akwatin ƙungiya, ta rage wa ɗaki kaya ba tare da ta rage wa ɗiyarta gata ba.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da abin yi. Wanda ya iya rubutu ya ɗauki ɗan littafi ya rubuta wa innarsa ko matarsa ko ƙanwarsa kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, da abin da ta bayar aro da wanda ta ba. Rubutun nan yana kashe gardama tsakanin kishiyoyi, yana tsare haƙƙin mace ranar rabuwa ko rabon gado, kuma yana nuna mata abin da ta riga ta mallaka don kada ta sake saye. Malaman yaƙi da jahilci za su iya mai da shi darasin lissafi. Ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi da masu gari kuwa, in suka sa ranar share gari, ya kyautu su haɗa da maganar cikin ɗaki, su kuma tanadi wurin zubar da shara, domin wanda aka ce ya fitar da tarkace bai san inda zai kai shi ba, bayan dangar maƙwabci zai zuba.

Kaka tana zuwa kowace shekara, bazara ma haka. Magidanta da uwayen gida na Allakai da sauran garuruwan Adar suna da damar gwada wannan aiki tun daga ɗaki ɗaya, su fara da ƙarƙashin gado. In kunne ya ji, jiki ya tsira.